Kariyar matsafi a Baldur's Gate II: rufi kan rufi

Baldur's Gate II: Shadows of Amn tsohon wasa ne. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ne ya yi shi, ya fito a shekarar 2000, aka ƙara masa Throne of Bhaal a 2001, sannan Beamdog ya sabunta shi a 2013, daga baya kuma ya shigo wayoyin hannu. Sabuntaccen na buga, wani lokaci a kwamfuta, wani lokaci a waya. An sha yabon labarinsa da mutanen da ke cikinsa, kuma sun cancanci yabon. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne yadda matsafi ke kare kansa a fagen daga, da yadda ake warware masa wannan kariya. A wasannin da na buga, babu wanda ya ba wannan fanni kulawa kamarsa.

Ga wanda kalmar tsafi ta tsaya masa a rai, babu surkulle a nan. Lissafi ne da ƙa'ida, waɗanda aka ɗauko daga bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, wasan tebur na Amurka. Kowane sihiri na da matakinsa, daga 1 zuwa 9, da tsawon lokacin karanta shi, da tsawon lokacin da zai yi yana aiki. Da zagaye ake auna faɗa, kowane zagaye daƙiƙa shida.

Matsafi a wannan wasa ba shi da ƙarfin jiki. Ba ya iya sihiri sanye da sulke, sara biyu ko uku na takobi mai kyau sun isa su kai shi ƙasa, kuma idan aka ji masa rauni yana tsakiyar karatu, sihirin ya tafi a banza. Saboda haka rayuwarsa duka ta rataya ne a kan abin da ya lulluɓe kansa da shi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahayin lifidi ranar hawan sallah zai gane tsarin: sulke daban, lifidi daban, kwalkwali daban, garkuwa daban, kowanne da irin bugun da yake tarewa, kuma babu wanda ke yin aikin ɗan'uwansa.

Rufin da ya fi kusa da jiki shi ne fatar dutse, Stoneskin, sihirin mataki na 4. Shi na fi so a cikinsu duka, domin shi kansa hawa-hawa ne. Duk mataki biyu na ƙwarewar matsafin kansa na ba shi fata ɗaya, har zuwa goma a mataki na 20. Da ya karanta sai ka ga jikinsa ya koma launin toka. Kowane sara ko kibiya da ta same shi fata ɗaya take ɗaukewa, ba ta ji masa ciwo, kuma ba ruwan fatar da ƙarfin saran: gatarin ƙato da wuƙar yaro duk fata ɗaya suke ci. Ma'ana mayaƙi mai saurin hannu ya fi mai nauyin hannu amfani a nan. Awa goma sha biyu na cikin wasa take yi, don haka da an tashi daga barci ake sa ta, ba sai an ga abokin gaba ba. Tana da ƙofa guda, ita ce ta sa na ƙara ganin kyanta: ƙarfe take tarewa, ba ta tare wuta ko ruwan guba mai ƙuna da ke jikin makamin. Kibiyar wuta za ta ci fata ɗaya, ƙunar kuma ta wuce ciki ta katse masa karatu.

A kan wannan sai ya ɗora Mirror Image, na mataki na 2, wanda ke tayar da surorinsa kewaye da shi, har takwas, mai sara ya yi ta dukan inuwa. Sai Protection from Magical Weapons na mataki na 6, wanda ke hana duk wani makami mai sihiri taɓa shi. Zagaye huɗu kacal yake yi, daƙiƙa ashirin da huɗu ke nan, amma a cikinsu babban matsafi zai iya shafe rundunarka. Abin da ya burge ni shi ne takobin da ba shi da komai, na maƙeri, yana ratsa shi. Ka sha wahala ka samo takobin da ake ji da shi, sai ga ranar da tsohon ƙarfen da ke jakarka ne kawai zai yi aiki.

Duk waɗannan makami suke tarewa. Akwai wani jerin dabam mai tare sihiri. Globe of Invulnerability yana hana sihirin mataki na 1 zuwa na 4 shiga. Spell Deflection yana shanye sihiri har jimillar matakansu ta kai 10. Spell Turning, na mataki na 7, mayar maka da naka yake yi, har jimillar 12, wato abin da ka jefa shi zai dawo kanka. Spell Trap na mataki na 9 yana haɗiye har 30, ya kuma maido wa mai shi sihirin da ya riga ya yi amfani da su. Can sama da su duka akwai ɓacewa. Matsafin da ya yi layar zana da Improved Invisibility, ko kana hango inuwarsa ba za ka iya auna shi da sihirin mutum ɗaya ba.

Ga yadda faɗan yake a kusa. Ka buɗe ƙofar wani gida a Athkatla, babban birnin wasan, mutum biyar a bayanka. Akwai wani mai doguwar riga a ƙuryar ɗaki. Kafin Minsc, mayaƙin tawagarka, ya ɗaga ƙafa, rubutu ya fara gudu a ƙasan allo, layi bayan layi, mutumin ya koma toka, surorinsa sun bazu, wani haske ya kewaye shi. Ba karatu ya yi ba, ya riga ya ɗana su ne tun da farko da sihirin tanadi irin su Contingency da Spell Trigger, waɗanda ke sakin kariya nan take. Minsc ya kai sara, rubutu ya ce makamin bai yi tasiri ba. A nan ake tsayar da wasan, a koma sama a karanta abin da ya sa, ɗaya bayan ɗaya. Idan da ɓacewa a ciki, Keldorn, wani mayaƙin tawagar, shi ne farko, da True Sight, wanda ke tone mai ɓoye ya kuma share surorin ƙarya. Da ya bayyana sai Nalia, matsafiyar tawagar, ta jefa Breach, sihirin mataki na 5 da ke tuɓe fatar dutse da kariyar makamai a lokaci guda. Launin tokar ya gushe. Sara biyu, an gama. Idan ka juya tsarin, ka nemi jefa Breach kafin tonewa, wasan ba zai ma bar ka ka auna shi ba, shi kuma yana can yana karanta abin da zai ƙone ku. Kayan aiki ɗaya, mutane ɗaya, abin da ya raba nasara da gawa shida shi ne wanne ka fara.

Mabuɗan sihiri ma haka suke, kowanne da kwaɗonsa. Spell Thrust na mataki na 3 yana kwashe duk kariyar sihiri daga mataki na 5 zuwa ƙasa. Secret Word yana cire guda ɗaya, in ba ta wuce mataki na 8 ba, don haka ba ya taɓa Spell Trap. Wannan sai Ruby Ray of Reversal ko abin da ya fi shi. Matsafi mai wayo kuma zai ɗora Spell Shield a sama, ya haɗiye mabuɗin farko da ka jefa. Akwai hanyar gaba ɗaya, Dispel Magic, sai dai sa'a ce: kashi 50 cikin 100 idan matakinku ɗaya, ta ƙaru da 5 a duk matakin da ka fi shi, ta ragu da 10 a duk wanda ya fi ka. Abin da ya sa Keldorn ke da daraja ke nan, nasa ana lissafa shi da ninkin matakinsa. Tun da matsafinka na da guraben haddace sihiri ƙidayayyu a kowane mataki, kuma sai ya huta awa takwas suke dawowa, duk gurbin da ka ba mabuɗi ka hana sihirin kai hari ne. Wannan zaɓin na kafin barci yana daga cikin abubuwan da na fi jin daɗinsu.

Inda tsarin ya kai ƙololuwa shi ne wajen lich, mataccen matsafin da ya ƙi barin duniya. Shi sihirin mataki na 5 zuwa ƙasa ba ya kama shi, ke nan Breach ya faɗi. Makamin da ba shi da sihiri ba ya cin sa tun asali, ke nan in ya sa kariyar makamai masu sihiri, babu ƙarfen da zai taɓa shi. Sai haƙuri. Ka ja mutanenka baya, ka tura masa halittun da ka kirawo ya ƙarar da manyan sihirinsa a kansu, ka ƙirga zagaye huɗu, ka dawo.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ba ƙarami ba ne. Wasan ba ya koyar da komai daga abin da na zayyana. Bayanin kowane sihiri na nan a rubuce, dogo, cikin Turanci, amma babu inda aka tara maka su ka ga wanne ke warware wanne, sunayensu kuma na kama da juna har su rikita mutum. Hasken da ke kewaye da abokin gaba ba ya nuna maka a fili ko wace kariya ce, sai ka koma ga rubutun ƙasan allo. A waya wannan rubutu ƙanana ne ƙwarai, kuma auna mutum ɗaya a tsakiyar cunkoso da yatsa aiki ne. Na tabbata da yawa sun ajiye wasan a daidai wannan gaɓa suna ganin zalunci ne, alhali ƙa'idar a tsaye take. Wannan ya dame ni, domin abin da ya fi komai kyau a wasan shi aka fi ɓoyewa.

Na biyu, da zarar ka gane tsarin, za ka tarar Breach ya yi ƙarfi da yawa. A wasan yadda ya zo, yana ratsa Spell Turning ya wuce, don haka yawancin matsafa tonewa da Breach sun ishe su, sauran mabuɗan su zauna ba aiki. Masoya wasan sun yi masa wani ƙari mai suna Sword Coast Stratagems, wanda ke iya hana Breach wucewa sai an fara cire kariyar sihiri, ya kuma ƙara wa matsafan gaba basira. Da shi ne duka jerin ke aiki yadda ya kamata, sai dai ba na ba sabon shiga shawarar fara da shi.

Wanda ke son wasan gudu da harbi, wannan ba nasa ba ne. Wanda kuwa ke jin daɗin tsayawa ya karanta abokin karawarsa kafin ya motsa, ya neme shi, kuma in da hali a kwamfuta. Ya kunna tsayawar kai-tsaye da ke dakatar da wasa da an hango abokin gaba, ya faɗaɗa akwatin rubutun ƙasa, ya tabbatar kowane matsafinsa na kwana da Breach aƙalla guda biyu, ya kuma bar takobi ɗaya marar sihiri a jakar babban mayaƙinsa.