Wutar hasken rana a Nijar da Najeriya: wane tsari ya fi kusa da mutumin Maradi?

Malam, ka tambaya wace ƙasa ce, tsakanin Nijar da Najeriya, ta fi tsari mai kyau wajen samar da wutar lantarki daga hasken rana, tunda duka biyun suna cikin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin da ta amince da manufarta ta makamashi mai sabuntuwa a shekarar 2013. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, saboda haka ba takardar ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne wanda kowace ƙasa ta ba izinin ginawa da sayarwa.

A Nijar, ragamar tana hannun gwamnati. Ana nemo kuɗi daga waje, a gina babbar tasha, a miƙa ta ga NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa. Haka aka yi a Malbaza cikin jihar Tawa a 2018, tasha mai megawat 7, haka kuma aka yi a Goru Banda kusa da Yamai a 2023, mai megawat 30, da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai. Karkara kuwa an danƙa ta ga ANPER, hukumar kai wuta ƙauyuka. Alherin wannan tsari shi ne farashi ɗaya ne a duk faɗin ƙasa ga wanda waya ta kai gidansa, sai dai waɗanda ta kai ɗin ba su wuce kusan mutum ɗaya cikin biyar ba.

Mu a nan Maradi akwai abin da ya fi wannan damun mu. Maradi da Damagaram da Tawa rukuni guda ne, wanda ya dogara da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma ba a haɗe yake da rukunin Yamai ba, don haka ko Goru Banda ta cika ta batse, ba ta kunna ko ƙwai ɗaya a Maradi. Da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, an ga abin ƙuru-ƙuru: masu walda sun koma kan gurup, masu sayar da ƙanƙara sun kife firji, teloli kuma sun koma taka keke da ƙafa.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Tun 2016 hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki, ta tsara ƙa'idojin da suka ba kamfanoni masu zaman kansu damar kafa ƙaramar tasha a ƙauye ko a kasuwa, su ja waya, su sayar da wuta kai tsaye, hukumar REA, mai kula da wutar karkara, kuma tana tallafa musu gwargwadon gidajen da suka haɗa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar a cikin iyakokinsu, kuma a ƙarshen 2023 ɗin Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin faɗaɗa aikin. Wutar irin waɗannan kamfanoni ta fi ta babban layi tsada, amma takan fi sayen fetur sauƙi. Inda gwamnatin can ta ɗauki aiki da kanta kuwa, ba ta fi tamu sauri ba, domin tashar iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai megawat 10 kacal, ta haura shekara goma ba a kammala ta ba. Panon hasken rana da ake gani birjik a rufin gidajen Katsina ma, yawancinsa cire tallafin fetur na watan Mayun 2023 ne ya jawo shi, ba wata doka ba.

A ganina tsarin Najeriya ya fi saurin kai wuta ƙauye, namu kuma ya fi rahusa ga wanda ya riga ya samu. Da za a buɗe wa ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin manoma ƙofa sosai, masu noman rani a Jiratawa da gefen Gulbin Maradi ne za su fara cin moriya, domin famfon rana yana ɗaga ruwa da tsakar rana ba tare da bateri ba, alhali bateri shi ne mai cin kuɗi, kuma zafin bazara yana gajarta masa kwana. Abin da pano ke buƙata a lambu bai wuce a riƙa share masa ƙurar hunturu da safe ba.