Garin PEEK: niƙa ko narkarwa a sinadari?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za a mayar da PEEK, wata roba mai ƙarfi da jure zafi, ta zama gari: a niƙa ta ne ko a narkar da ita a sinadari? Tunda kiristal ɗin garin, wato yawan sarƙoƙin robar da suka jeru tsaf, kake son aunawa a ɗakin gwaje-gwajenku na Aliero, bi hanyar narkarwa.

Niƙa tana aiki, amma PEEK roba ce mai taurin kai. Sai an sandarar da ita da ruwan naitirojin, a digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kuma abin da zai fito ɓarzajje ne mai kaifi-kaifi, ba ya zuba sumul. Ga wahalar kawo naitirojin ɗin kafin zafi ya shanye shi a hanya.

Narkarwa kuwa, ka auna giram 10 na robar da giram 90 na diphenyl sulfone, sinadarin da zai narkar da ita, ka ɗora a wuta zuwa wajen digiri 300, iskar naitirojin na bi ta kai, kana juyawa har ƙwayar ƙarshe ta ɓace. Daɗin abin yana wurin hucewa. Ka bar shi ya sauka a hankali, nan ne sarƙoƙin robar ke samun sukunin jeruwa. Zai daskare ya zama dunƙule mai saurin farfashewa. Ka daka, ka wanke da asiton sau uku ko huɗu, sannan ruwa, ka busar a digiri 120 kwana guda. Kada ka taɓa asid ɗin salfa mai ƙarfi: yana narkar da PEEK, amma yana shiga jikin sarƙar ya canza ta.

Wajen DSC, wato na'urar da ke auna zafin da samfuri ke sha yayin da ake ɗumama shi, miligiram 5 zuwa 10 ya isa, a riƙa ƙara digiri 10 duk minti har 400. Karatun ɗumamawar farko za ka ɗauka, don ta biyu ta riga ta shafe aikinka. Narkewa na zuwa wajen 343, sai ka raba zafin narkewar da 130, wato jul a kowane giram na cikakken kiristal, ka samu kason kiristal ɗin garinka. In ka ga ɗan tudu a 128 a zanen da na'urar ta fitar, wankinka bai fita ba, sauran diphenyl sulfone ɗin ne.

Sai ka yi hattara da 'yan kasuwar intanet. Wani zai ɗura maka PPS, wata roba daban, ya manna takardar PEEK, wani kuma mai gaurayen zaren gilashi, wanda ke ɓata lissafin nauyi. PPS a wajen 280 take narkewa, don haka ka nemi ɗan samfuri ka gwada kafin ka tura kuɗin buhu.