Wuƙar shiga daji: abin da za ka duba kafin ka zaro kuɗinka

Duk wanda ya taɓa kwana a daji ya san yawancin aikin wuƙa a can ba sara ba ne. Ƙananan ayyuka ne marasa ƙarewa: ka fiƙe turakun tanti, ka yanke igiya, ka sassaƙa sandar rataye tukunya, ka kankare busasshen itace har ya fid da siraran zaren da wuta za ta kama, in an dace da kifi ka gyara shi. Shi ya sa raina ke sosuwa in na ga sabon shiga ya ɗauko wuƙa mai tsawon taƙi da rabi, kauri kamar ruwan gatari, yana murna ya samu ta ƙwarai. Kafin ya fiƙe turke huɗu wuyan hannunsa ya gaji.

Wuƙa mai naɗewa tana da amfaninta a aljihu, amma mahaɗin nan da take naɗewa a kansa shi ne rauninta. Ƙasa da jini da maiƙo suna taruwa a ciki, kuma in ka matsa mata da aiki can take fara sakin jiki. Wuƙar daji ita ce miƙaƙƙiya, mai zama a kube.

Fara da tsawo. Mors Kochanski, mutumin Kanada da ya shafe shekaru yana koyar da zaman daji kafin rasuwarsa a 2019, yana ba da shawarar ruwan wuƙa ya yi daidai da faɗin tafin hannun mai ita, wato wajen santimita 9 zuwa 11. Na gwada gajeru na gwada dogaye, nan na dawo na tsaya. Da irin wannan tsawon tsinin yana kusa da yatsunka, kana jin inda yake ko ba ka duba ba. Kauri kuwa milimita 2.5 zuwa 3.5 ya wadatar. Akwai irin su Becker BK2 ta kamfanin KA-BAR na Amurka, kaurinta ya haura milimita 6, nauyinta ya tasam ma rabin kilo. Ba ta karyewa da wasa, wannan gaskiya ne, kuma tana faskare kamar tana jin haushin itacen. Amma ka ce za ka fere cokali da ita, ko ka yanka wani abu siriri, sai ta tsaga maimakon ta yanka.

Abin da ido ba ya gani shi ya fi muhimmanci: ƙarfen da ya shige cikin mariƙi. A wasu wuƙaƙen ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har ƙarshen mariƙi, da faɗinsa gaba ɗaya, aka manna masa katako ko roba gefe da gefe aka ɗaure da ƙusa. Kana juya ta za ka ga layin ƙarfen ya zagaye mariƙin. A wasu kuwa ƙarfen ya sirance ya zama kamar wutsiyar ɓera, ya ɓuya a ciki. Masu talla sun mai da na farkon kamar shi kaɗai ne wuƙa, alhali mutanen Finlan sun yi ɗaruruwan shekaru suna aikin daji da wuƙarsu ta gargajiya mai ɓoyayyiyar wutsiya. Tana da sauƙin nauyi, kuma a lokacin sanyi ƙarfe ba ya taɓa maka tafin hannu. Abin gudu shi ne gajeriyar wutsiya da aka liƙa da gam kawai. Na taɓa riƙe irinta, kyakkyawa a ido, mariƙinta na sheƙi. Na ɗora ta kan wani reshe da bai fi kaurin damtse ba, na buga bayanta sau uku, sai na ji mariƙin ya yi sako-sako a hannuna. Da na ja, ruwan ya tsaya a itace, mariƙin ya biyo ni, wutsiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. In ka san za ka riƙa faskare da wuƙarka, nemi mai cikakken ƙarfe. In sassaƙa ce da yanka, mai doguwar wutsiya daga kamfanin da aka sani ta ishe ka.

Sai maganar ƙarfen kansa, inda gardama ba ta ƙarewa. Baƙin ƙarfe, irin wanda ake kira 1095, yana da daɗin wasawa, yana ɗaukar kaifi nan da nan, kuma yana jure duka. Aibinsa tsatsa. Ka yanka abu mai tsami ka bar shi, ko ka mayar da shi cikin jiƙaƙƙen kuben fata ka kwanta, da safe za ka tarar da jajayen ɗige-ɗige a jikinsa. Ƙarfe mara tsatsa an gauraya shi da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, shi ne ke kare shi. A da ana yi masa kallon mai taurin wasawa da saurin dakushewa, amma irin 12C27 da 14C28N na Suwidin sun kawar da wannan zargi. Shawarata ba ta da kwana: in wurin da kake zuwa akwai damshi, ko kamun kifi ne ya fi kai ka, ɗauki mara tsatsa. In kai mutum ne mai goge kayansa ya shafa musu mai ba tare da an tuna masa ba, baƙin ƙarfe zai faranta maka. Kada kuma a ruɗe ka da cewa sai baƙin ƙarfe ne ke fid da tartsatsi daga sandar ƙyasta wuta ta zamani. Tartsatsin daga jikin sandar yake fitowa, abin da ake bukata kawai bayan wuƙa mai kaifin kusurwa da zai kankare ta. Ƙyastu da dutse ne yake bukatar baƙin ƙarfe.

Yadda aka fitar da bakin wuƙa shi ne zai nuna maka ko za ka iya kula da ita da kanka. Akwai salon mutanen arewacin Turai, inda gefen ya gangaro sau ɗaya, shimfiɗe, har zuwa kaifi. Wannan yana shiga itace kamar an aike shi, kuma wasa shi ba ya bukatar gwaninta: ka kwantar da gangaren a kan dutse, shi da kansa zai nuna maka kusurwa. Rauninsa, bakin siriri ne, in ya haɗu da ƙashi ko tsakuwa yakan yi giɓi. Akwai wanda aka sirantar tun daga baya har baki, ya fi daɗin yankan nama da kayan miya. Akwai kuma mai ɗan tudu kamar bakin gatari, mai ƙarfi ƙwarai, sai dai wasa shi a kan dutse yana son hannun da ya saba.

To, in aka jera waɗanda suka yi suna fa? Morakniv Companion, daga garin Mora na Suwidin, ruwanta santimita 10 da 'yan kai, wutsiyarta ta shiga wajen kashi uku cikin huɗu na mariƙi, ba ta da nauyi, kuma ita ce mai araha a cikinsu da tazara mai yawa. An ce araha ba ta ado, kuma lallai kubenta na roba ba abin nunawa ba ne, amma a fagen sassaƙa tana kunyata waɗanda suka ninka ta kuɗi. Bayanta ba a daidaita shi don ƙyasta wuta ba, sai ka bi shi da magagari. Garberg, wadda kamfanin Morakniv ɗin ya fitar a 2016, ita ce ta farko a wurinsu mai cikakken ƙarfe, kaurinta milimita 3.2, bayanta a shirye yake. Fällkniven F1, wadda matuƙan jiragen yaƙin Suwidin ke ɗauka tun 1995, gajeriya ce mai kaurin milimita 4.5 da baki mai tudu, an yi ta ne don ranar wahala, ba don doguwar sassaƙa ba. ESEE-4 ta Amurka baƙin ƙarfe ce da aka lulluɓe da fenti don tsatsa, kaurinta ya kusa milimita 5, tana ɗaukar wulaƙanci, amma fentin yana ɗan riƙe ta a cikin itace. Wanda bai taɓa mallakar wuƙar daji ba, Companion nake ce masa ya fara da ita. Ya koyi wasawa a kanta ba tare da fargabar ɓata abu mai tsada ba, ya yi shekara yana aiki da ita, sannan hannunsa zai gaya masa abin da ya rasa.

Mariƙi kuwa sai ka riƙe. Ka damƙe shi da ƙarfi na minti ɗaya, ka juya kaifin ya dubi sama, ka sake damƙewa. Duk inda ka ji yana cizon tafinka yanzu, nan ne zai tashi bororo bayan awa guda. Mai gurabun yatsu yana tilasta maka riƙo iri ɗaya, ka bar shi. Kube kuma ka kifa shi ka girgiza, in wuƙar ta zame ta faɗo, ba na shiga daji ba ne. Ka kuma binciki dokar ƙasar da kake kafin ka rataya ta a ƙugu, don wurare da dama ba a yarda a yi yawo da irinta cikin gari ba sai da dalili.

Ranar da za ka faskare da ita, zaɓi itacen da bai kai tsawon ruwan wuƙar kauri ba, don tsinin ya leƙo ta ɗaya gefen ka samu wurin bugu. Da guntun itace ake bugawa, ba da dutse ko ƙarfe ba, kuma a kauce wa gaɓa. In za ka yi sassaƙa a zaune, kada ka yi ta tsakanin cinyoyinka, akwai babbar jijiyar jini a wurin wadda in ta yanke a daji taimako yana nesa. Ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, aikin ya kasance can gaba da kai, ko ka yi shi ta gefen cinya. Kafin ka fara, miƙa hannu ka zagaya, ka tabbata babu wanda wuƙar za ta iya kaiwa in ta kuɓuce. Da ka gama, ka goge ta, ka ja bakin sau goma ko ashirin a kan tsohuwar ɗamarar fata, bayan wuƙar na gaba kaifin na biye, sannan ka mayar da ita kube tun kafin ka miƙe tsaye.