Gargaɗi ga masu sayen laptop ɗin gwanjo ta intanet

Jama'a, ku yi hattara. Abin da ya same ni bana fatan ya sami kowa, musamman ɗalibai masu rubuta furojet.

Wata biyu da suka wuce aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, laptop ɗina yana jone da caji. Da safe ko ƙyaftawa bai yi ba. Mai gyara ya buɗe, ya ce bod ɗin ya ƙone, kuma kuɗin canza shi ya kusa sayen wani. Sai na shiga neman na hannu. A Facebook na ci karo da wani mai talla a Legas, ya sa hoton HP EliteBook 840 G5, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7, wai ɗan Landan, da araha mai ɗaukar hankali. Bakinsa kamar zuma, "Alhaji" sama "Alhaji" ƙasa. Na tura rabin kuɗi, ya sa a mota, na karɓa a tasha, na kunna na ga i7 a rubuce, ga sitika a jiki, na cika masa sauran.

Kwana uku ban ji daɗinsa ba. Nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi, batir ko minti 30 ba ya kaiwa. Na kai wa mai gyaran nan, ya kashe, ya kunna yana danna F10 har ya shiga BIOS, wato shafin da ke nuna ainihin bayanan injin kafin Windows ta tashi. Nan asiri ya tonu: i5-6300U ne, kuma injin G3 ne, tsohon yayi. Ashe sunan da Windows ke nunawa ana iya sauya shi, sitika kuwa liƙawa kawai ake yi. Abin da BIOS ya faɗa shi ne abin dubawa. Ya kuma koya min cewa a i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin nan (-) ita ce ƙarnin furosesa, wato 6 ke nan. Abin da ya fi ƙona min rai, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na 8 take farawa. Na sayi abin da zamani ya riga ya bari.

Na kira mutumin, ya toshe ni.

Don Allah kada ku tura ko sisi kafin kaya su zo hannunku. Ku je shago da ƙafarku, ku tafi da wanda ya san kan kwamfuta. A shiga BIOS a gabanku, a haɗa lambar siriyal da ke ciki da wadda ke ƙasan injin, a tabbatar ba a kulle BIOS ɗin da kalmar sirri ba. Batir kuma, a buɗe Command Prompt (wurin rubuta umarni a Windows), a buga powercfg /batteryreport, a buɗe rahoton da ya fitar, za ku ga ƙarfinsa na asali da abin da ya rage masa. Mai shagon da ya hana ku wannan binciken, ko ya ƙi rubuta rasit da garanti ko na sati ɗaya ne, ku ɗauki kuɗinku ku fita.