M3, C63 ko IS F: yadda ake gane kuɗin tsohuwar motar gudu kafin a taya

Idan Corolla ko Camry kake nema, ciniki ba ya wahala. Ka zaga wurin dillalai uku, ka ji bakinsu, ka san inda kasuwa ta tsaya. Tsohuwar motar gudu ba haka take ba. Biyu za su iya zama shekara ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya ta ninka 'yar uwarta a daraja, kuma ido kaɗai ba zai nuna maka dalili ba. Zan ɗauki uku da matasa ke yawan ambata, wato BMW M3 ƙirar E46, da Mercedes C63 AMG ƙirar W204, da Lexus IS F.

Abin farko shi ne ka tabbatar motar ita ce. Tambarin M da na AMG ana sayar da su a kasuwar kayan gyara, kuma gam ne kawai ke riƙe su. M3 ɗin E46, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006, ƙofa biyu ce, ko mai rufi ko mai buɗaɗɗen sama. Duk wanda ya nuna maka mai ƙofa huɗu ya ce M3 ce, gaishe shi ka wuce. Lambar shasin ta asali da WBS take farawa, sauran BMW na yau da kullum kuwa WBA. Ita C63 buɗe gaba za ka yi: a saman injin akwai ɗan faranti ɗauke da sa hannun mutumin da ya haɗa shi a Affalterbach ta Jamus. C300, 'yar uwarta ta yau da kullum, da aka yi wa ado da salansa huɗu ba ta da wannan, kuma kuɗin C300 ya kamata a biya mata, ko ma ƙasa da haka, tunda an taɓa ta.

Sai sanin cutar kowace ƙira, domin a nan rabin kuɗin yake ɓuya. Injin M3, mai suna S54, silinda shida ne, lita 3.2, ƙarfin doki 343 a ƙirar Turai. Inji ne mai daɗi, amma yana da lalurori uku da duk mai ita ya sani: berin ƙafar fistin da makanikai ke kira metal yana cinyewa, na'urar VANOS mai daidaita lokacin buɗewar bawul tana gajiya, sannan ƙasan bodi inda gadar baya ke ɗaure yana tsagewa. Wannan na ukun shi ne abin tsoro a wurinmu, saboda yawancin waɗannan motoci sun sha wasan juyi a filin biki, ga kuma ramukan titi. Ka sa a ɗaga motar, ka shiga ƙasa da tocila da kanka. Walda a wurin ba lalle aibi ba ce idan an yi ta da faranti yadda ya dace, amma idan an shafe wurin da baƙin fenti sabo fil, to akwai magana. Akwai kuma batun giya. Mai kulochi ta fi mai SMG, wato giyar da na'ura ke taka mata kulochi, daraja a ko'ina, don famfon SMG idan ya mutu sai ka nemi mai gyara ka rasa.

C63 ta fito a 2008 da inji V8 mai lita 6.2, duk da an rubuta 6.3 a gefenta, ƙarfin doki sama da 450. Na shekarun farko suna da matsalar notocin da ke ɗaure kan inji, waɗanda kan karye ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Kamfanin ya sauya su wajajen 2011. Don haka ta 2012 zuwa sama, ko wadda ke da shaidar an canza notocin, ta cancanci ƙarin kuɗi. Saurari injin da sassafe kafin ya yi zafi. Idan kan injin na ƙas-ƙas, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ya fara ci. Mai mota da ya riga ya ɗumama ta kafin ka iso, tambaye shi dalili.

IS F, daga 2008 zuwa 2014, V8 ce mai lita 5 da giya takwas. Ita ce mai ƙarancin rigima a cikin ukun, jinin Toyota ne. Sai dai ba ta da yawa, don haka fitila ko bamba idan ta fashe, Ƙofar Ruwa ko Fanteka ba lalle su fitar da kai ba, sai an yi oda. Ni dai da mutum zai tambaye ni wadda zai hau kullum, ita zan nuna masa. Wanda ke son ajiya don gaba kuwa, M3 mai kulochi da ba a taɓa ba.

Yanzu lissafin. Farashin da kake gani a Jiji ko Facebook abin da mai kaya ke fata ne, ba abin da aka sallama ba. Shafukan gwanjo na Amurka irin su Bring a Trailer da Cars & Bids suna nuna abin da aka biya a zahiri, da hotuna da tarihin mota. Nemo guda biyar ko shida masu kama da taka a shekara, giya da nisan tafiya, ka ɗauki na tsakiya. Amma kada ka juya dala zuwa naira ka ce shi ke nan. Waɗancan motoci ne masu takardun gyara tun daga ranar farko. Da yawan waɗanda ke shigowa nan daga gwanjon Copart ko IAAI suke, wato sun yi hatsari ko sun sha ruwa. Saka lambar shasi a intanet, sau da yawa hoton motar a farfashe zai fito maka, kuma rahoton Carfax zai nuna ko an juya mita. Wadda ta yi hatsari aka gyara da kyau tana da kasuwa, a farashi mai rangwame sosai. Wadda ta sha ruwa, ko kyauta ce ka yi tunani, don wayoyinta a hankali suke ruɓewa.

Daga wannan adadi sai ka fara cirewa: kuɗin gyaran da makanikinka ya lissafa bayan ya jona kwamfuta, taya huɗu idan sun suɗe, birki, da duk abin da aka sauya daga na asali. Ƙarin kwalliya da salansa mai ƙara ba sa ƙara daraja, ko da mai ita ya rantse da abin da ya kashe. Idan an cire injin asali an dasa wani, kamar yadda ake yi in S54 ya buga, to gangar jiki kawai kake saya.

Takardun kwastam ma kuɗi ne. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano marar cikakken duti na iya ƙarewa a hannun jami'ai a kan hanya. Ka tantance takardun a ofishin kwastam kafin ka ba da ko sisi, in babu kuma ka cire kuɗin biyan dutin daga tayinka.

Abu ɗaya na gefenka a ciniki: tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, masu neman V8 sun ragu, kuma mota irin wannan kan daɗe a ajiye. Tambayi dillali wata nawa ta yi a wurin, ka duba ƙurar da ke ƙarƙashinta ka gwada da amsarsa. Ku kuma yanke maganar la'ada tun kafin a kai ga sallamawa, a san wanda zai biya.