hx-swap-oob ko HX-Trigger: wanne za a ɗauka a htmx?

Masu aiki da htmx, wata manhajar JavaScript da ke sabunta sassan shafin intanet, na yawan tambaya: idan an ƙara kaya a kwandon sayayya, yaya lambar da ke saman shafi da jimillar da ke can cikin wani sashe za su sabunta ba tare da sake loda shafin ba?

Hanya ta farko ita ce hx-swap-oob, alamar da ake sa wa guntun HTML: sabar na haɗa guntayen a amsa guda, kowane da id ɗinsa, wato sunan da ke bambanta shi a shafin, htmx ya sa shi a mazauninsa. Buƙata ɗaya tak ake aika wa sabar, kuma alƙaluman ba sa saɓawa juna. Sai dai dole sabar ta san tsarin shafin: ka canja id ka manta, sashen ya tsaya cik. Layin tebur kuwa sai an naɗe shi cikin alamar HTML mai suna template, in ba haka ba burauza na iya watsar da shi.

Hanya ta biyu ita ce HX-Trigger, layin da sabar ke sawa a kan amsarta: sanarwa kawai yake aikawa, kowane sashe ya saurara da from:body, wato daga jikin shafin, ya ɗauko sabon bayaninsa daga sabar. Gyara ya fi sauƙi, amma sassa biyar na nufin ƙarin buƙatu biyar.

Mai sassa biyu ko uku da ba sa canja wuri, hx-swap-oob ya ishe shi. Wanda sassansa ke yawo a shafuka daban-daban, HX-Trigger ya fi masa.