Trello da watan da muka yi muna leƙen wata

Yarana biyu a gida nake koyar da su, babbar shekararta 10, ƙaninta 7. Bana na soma gwada salon nan na ɗaukar jigo guda a ɗora masa komai, lissafi da karatu da rubutu da kimiyya da tarihi duk a kan abu ɗaya. Da littafin tsara darasi na fara, irin mai akwatunan Litinin zuwa Juma'a. Bai yi mako biyu ba ya koma kamar kaji sun yi tono a kai, nan gogewa, can kibiya ta tsallaka daga Talata zuwa Alhamis. Littafin ba shi da laifi, don darasin da ke bin ranaku aka yi shi. Shi kuwa darasi mai jigo ɗaya tambayar yaro yake bi.

Babansu ne ya nuna mini Trello, da ita suke raba aiki a ofis. Manhaja ce da ta fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017, kuma ba don malamai aka ƙirƙire ta ba. Tsarinta daga kanban aka aro shi, dabarar katunan da masana'antar Toyota ta yi fice da ita a Japan. Allo ne, a kansa jerin layuka a tsaye, a cikin kowane layi katuna. Kina ɗora yatsa a kan kati sai ki ja shi zuwa wani layin. Iyakar abin ke nan, kuma wannan jan katin shi ne ya raba ni da abin goge fensir.

Jigonmu na farko wata ne, na sama. Na zaɓe shi saboda daga jinjiri zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, ya yi daidai da tsawon da nake so. Layuka huɗu na buɗe: Tunani, Wannan mako, Yau, An gama. Duk abin da ya faɗo mini a rai sai na jefa shi cikin Tunani, ko tsakar dare ne, ba tare da na sa masa rana ba. Ranar Asabar nake tsamo biyar ko shida in kai Wannan mako.

Ga yadda kati ɗaya yake daga ciki. Sunansa "Nisan wata". A wurin bayani na rubuta cewa tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,400 ne, wato kusan faɗin duniya sau 30. A ƙasa na sa jerin kayan aiki mai akwatunan yin alama: ƙwallon kwando, ƙwallon tanis, igiya, tef na awo. Ƙwallon kwandon shi ne duniya, na tanis shi ne wata. Na ce da ƙaramin ya tsaya da nasa inda yake zaton wata yake, sai ya matsa taku ɗaya ya tsaya yana murmushi. Yayarsa ta ninka santimita 24 sau 30, ta sami mita 7 da 'yan kai, ta warware igiya har sai da ya fita daga ɗakin. Yana can bakin ƙofa yana cewa, "Umma, anya kuwa?" Na ɗauki hotonsu na liƙa a jikin katin, na ja shi zuwa An gama. Aiki ɗaya, ita ta yi ninkawa, shi ya yi awo, kuma dukansu ba su manta ba.

Inda manhajar ta biya ni ladan wahalata shi ne mako na uku, kuma kuskuren nawa ne. Na tsara cewa kowane dare da ƙarfe takwas za su fita su zana siffar wata. Makonni biyun farko lafiya lau. Bayan ya cika sai muka fita muka tarar da sama wayam. Na manta cewa kullum fitowarsa tana jinkiri da kusan minti 50, ta yadda in ya koma rabi a ƙarshen zagayensa sai wajen tsakar dare yake fitowa, lokacin yara sun daɗe da barci. Da a takarda ne, da na yage shafi biyu. Nan kuwa katin zanen na sauya wa suna zuwa "da safe", domin a wannan lokacin ana ganinsa da hantsi, sannan na buɗe sabon kati da tambayar da babbar ta yi: ina watan ya tafi? Da fitila da ƙwallo a ɗaki mai duhu muka amsa ta. Wannan darasin da ban tsara ba ya fi duk waɗanda na tsara armashi. Daren da hadari ya rufe sama ma haka, kati ya koma gobe ba tare da wani ɓacin rai ba.

Akwai lakabi masu launi da ake maƙala wa kati. Nan na zaƙe. Na ba kowane fanni launinsa, kowane yaro nasa, har da na aikin waje da na cikin ɗaki, allon ya koma kamar bakan gizo, na kwana biyu ina ƙawata shi ban koyar da kowa komai ba. Daga baya na rage zuwa biyar, fannoni kawai. Amfaninsu ɗaya ne a wurina: in na kalli An gama na ga kore ya yi yawa shuɗi babu, na san kimiyya ta cinye rubutu. Haka na gano mun yi kwana tara ba wanda ya rubuta cikakkiyar jimla. Washegari na sa babbar ta rubuta shafi guda kan saukar kumbon Apollo 11 a kan wata a Yulin 1969, ƙaramin kuma ya lissafa abin da sikeli zai nuna in ya hau shi a can, tunda jan wata kashi ɗaya cikin shida ne na jan duniya. Kilo 24 ya koma 4. Ya yini yana tsalle daga kujera wai shi ne Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka wata.

Tsarin kyauta nake amfani da shi. Yana ba da allo 10 a wurin aiki guda, kuma fayil ɗin da za a liƙa kada ya wuce megabayit 10. Hoto yana shiga, bidiyo kuwa sai dai in ajiye shi wani wuri in sa mahaɗinsa a katin. Allo guda ga kowane jigo ya ishe ni shekara.

Wadda take neman manhajar da za ta ce mata ga abin da ɗan shekara 7 ya kamata ya sani, ba nan ba ce. Allon fanko yake zuwa, babu tsarin darussa a ciki, babu wurin haɗa maki, babu mai tuna miki cewa kin tsallake raba lamba. Wannan lissafin har yanzu a ƙaramin littafi nake yinsa. Kuma wayar tana hannunki a tsakiyar darasi, saƙo na shigowa ido zai bi. Shi ya sa da safe nake kwafe katunan Yau a takarda in ajiye wayar a wani ɗaki.

Mun rufe jigon da katuna 31 a An gama, 12 suka rage a Tunani, ciki har da na masanin taurari Galileo da madubin hangen nesansa, wanda nake ta ɗagawa har watan ya ƙare. Na kwafi allon don jigo na gaba. Babbar ta karɓi wayar ta rubuta katin farko da kanta: me ya sa ruwan teku yake cika ya janye?